Ƙofofin Merv

Noelene Kruger tana kwance rigingine a ƙarƙashin gidanta, tana ɗaure ginshiƙin ƙarfe na ƙarshe, ta ji motar ɗanta Trent ta tsaya a bakin shinge. Ba ta fito ba. Takalmansa kawai ta hango, masu ƙyalli, suna tsallake tsagar ƙasa.

Baƙar lakar garin Dalby ba ta da amana. Da rani ta dare har hannu ya shige, da damina ta kumbura ta ɗaga gida. Ginshiƙan katakon da gidan ke kai, waɗanda gara ba ta cinye ba sun karkace. Tun da mijinta Merv ya rasu Trent ya kafa mata ƙahon zuƙa: a sayar, ta koma gidan kula da tsofaffi a Toowoomba. Ita kuwa ta aro jak na ɗaga manyan motoci, ta haƙa ramuka masu zurfi, ta zuba kankare, ta yi ta sauya ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya.

"Mama! Don Allah fito. Da shekarunki kusan saba'in kina rarrafe kamar ƙadangaruwa?"

"Ƙadangaruwar ce ta haife ka," in ji ta. "Shiga ka taka daɓen, ka faɗa min in ya motsa."

"Dillalin gidaje yana tafe da yamma. Na riga na yi masa magana."

"To ka dafa masa shayi, tunda baƙonka ne."

Ta ji takunsa a saman kanta, daga falo zuwa kicin. Ko ƙara katakon bai yi ba. Daɗi ya kama ta har ta yi dariya ita kaɗai. Sai ta ji ya shiga banɗaki ya banko ƙofa. Can kuma ta ji jijjiga, sannan duka da kafaɗa.

"Mama! Ƙofar nan ta ƙi buɗuwa!"

Nan take ta gane. Merv, Allah sarki, tsoron maciji bai taɓa barinsa ya leƙa ƙarƙashin gidan ba. Duk shekarar da gida ya ƙara karkata, ƙofa yake cirewa ya fere nan, ya liƙa katako can, ya matsar da sakata. Haka ya yi ta bin gidan har ya mutu. Yanzu ta miƙar da gida sambal, ƙofofin kuwa duk karkatattu ne. Kewar mutumin ta taso mata. Ragon banza, mai hannun kirki.

"Kin gani ko?" Muryar Trent ta sauko ta tsakanin katako. "Abin da nake faɗa ke nan! Da ke ce a ciki ke kaɗai fa? Wa zai ji ki?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Amma ba yau za ta ba shi ita ba.

"Fita ta taga mana."

"Kin san ko kaina ba zai shiga ba."

"Ai na sani. Kan ubanka ne."

Ta jawo jak ta kafa a ƙarƙashin kusurwar banɗakin, ta kwance ginshiƙin da ta gama ɗaurewa yanzu-yanzu. Idan ta sauke kusurwar da kaurin yatsa, bango zai koma yadda ƙofar ta san shi, ta buɗe. Ta ɗora hannu a kan mariƙin jak ɗin, sai ta tsaya.

"Trent, wayarka na jikinka?"

"Tana nan. Me ya faru?"

"Kira dillalin. Ka ce masa mai gidan tana nan da ranta, kuma ba ta sayarwa."

"Haba Mama! Wannan ai garkuwa da mutum ne."

"Ni ba inda za ni. Nan ƙasa akwai sanyi, na kuma taho da ruwan shana."

Tururuwa ta hau mata wuya, ba ta ko kaɗe ta ba. Daga bisani ta ji yana magana da dillalin ƙasa-ƙasa, irin ta mai jin kunya.

"Ɗaga murya," ta ce, tana ƙwanƙwasa daɓen da sifana. "Kunnena ya tsufa, ai kai ka faɗa."

Ya ɗaga. Ta saurara har ya yi sallama, sannan ta murɗa jak ɗin a hankali, ta karkatar da gidanta da hannunta.