Ranar da Injuna Suke Hutawa

Madhurima ta shigo ɗakin gwaji da sassarfa, ta manta sam yau ne bikin Biswakarma, abin bautar masu sana'a, ranar da inji ba ya aiki a Kolkata.

Ƙwayoyin jikin ɓera gare ta a farantai biyu, ɗaya na lafiyayyen nama, ɗaya na ciwon daji. Jiya ta zuba musu maganin da ke hana su kwafar zaren gadonsu, wanda sai sun kwafe shi suke iya rabuwa biyu. Yau ya kamata ta wanke shi. In ya daɗe suna iya mutuwa duka, ga shi su kaɗai suka rage mata, digirinta kuma a kansu yake rataye.

Ta tarar an yi wa akwatin aikin, injin da sai a cikinsa ake buɗe farantan, ado da furanni. Tapan, mai kula da injuna, yana kunna turare.

"Tapan-da, don Allah, yanzun nan zan gama."

"Haba Didi, yayata! Shekara guda injin nan yana miki bauta, yini ɗaya ya gagare ki? Zo ki ci khichuri, dafa-dukar biki, kin rame kamar ɓerayenki."

Ba kulle akwatin aka yi ba. Har ta ɗora yatsa a kan makunni, sai ta tuna marigayi mahaifinta, yadda yake wanke tasinsa a irin wannan rana ya ajiye makulli, ko da gidan babu shinkafa. Ta janye hannu. Ta hau saman bene ta zauna, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san ko na ƙwayoyin ne ko na babanta ba.

Washegari ta leƙa farantan ta madubin ƙara girma. Na ciwon dajin sun dunƙule, suna yawo a saman ruwa, matattu. Lafiyayyun kuwa suna manne da faranti, sun yi lamo. Ta daɗe tana kallonsu. Ko dai waɗannan da suka ji hanya ta toshe tsayawa suka yi, waɗancan kuma, da ba su iya tsayawa ba, suka yi ta ja har zaren ya tsinke?

Ta wanke musu maganin a hankali.

Tapan ya leƙo. "Yaya, mu shirya zaman makoki?"

"Na rabi kawai." Ta share ido. "Faranti ɗaya ba hujja ba ne, Tapan-da. Zan yi renon waɗannan su yi yawa, ka samo mini wasu na dajin. Wannan karon da gangan zan makara wajen wanke maganin."