Mabuɗin Mujiya

"Shekara guda kana yi wa mutum bauta, ko fuskarsa ba ka sani ba?" in ji Yaya, yana tsaye a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Ba mutum nake yi wa ba," in ji Auta. "Abin na kowa ne."

"Kowan nan yana da lambar waya?"

Auta ya zuba wa kwamfutarsa ido. Ya gaji da bayani. Wani tsari ne da ake gina shafukan intanet da shi, kyauta, wanda ya so ya ɗauka, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke. Tun da ya gama sakandare yake ɗinkin nan a kan tsohon teburin guga. Ya aika gyara, wani mai hoton mujiya ya duba, ya karɓa ko ya dawo masa da shi. Haka kowa ke kiransa, Mujiya. Namiji ne ko mace, Auta bai taɓa tambaya ba.

Yanzu Yaya ya samo masa aiki a wani shagon buga takardu da ke neman mai yi wa kwastomomi shafuka. Sharaɗin mai shagon ɗaya ne: ya ji ta bakin maigidan da ya koya wa yaron aiki, yau ɗin nan, kafin ya ba wani.

"Ko mai faci yana da maigida," in ji Yaya. "Kai naka tsuntsu ne. Ka rubuta masa. Ina jira."

Auta ya buɗe zauren da suke tattaunawa. Saƙon Mujiya ne a sama, tun safe. Ya gaji, in ji shi, lafiya ta yi ƙaranci, ya ajiye. Mabuɗin karɓar gyara ya bar wa wanda ya fi kowa naci. A ƙasa, ga sunan Auta.

Ya karanta, ya sake karantawa. Ya danna hoton mujiyar. Babu kowa, an rufe.

Saƙonni kuwa sai shigowa suke. Wata tana taya shi murna. Wani kuma shafinsa ya tsaya cak, yana roƙon shugaba ya duba. Wasu biyu sun aiko gyara kan matsala ɗaya, kowanne yana cewa na ɗayan zai rusa komai. Ga wani koren maɓalli na karɓar gyara da bai taɓa gani a allonsa ba. Hannunsa ya kai kusa, ya janye. Da Mujiya na nan, shi zai tambaya.

"Ya amsa?"

"Ya tafi."

"Ina?"

"Bai faɗa ba."

Yaya ya shafa ƙeya. "To ai wani ya gaje shi. A ba ni na sabon."

Auta ya juyo da kwamfutar, ya ɗora yatsa a kan sunansa. Yaya ya sunkuya, ya daɗe yana kallo, bakinsa na motsi.

"Kai ne maigidan?"

"Haka aka rubuta."

"Maigidan wa?"

"Ban sani ba, Yaya."

Fanka ta ci gaba da ƙara. Sai wayar Yaya ta ɗauki ruri a aljihu. Ya ciro, ya ga mai shagon ne. Ya dubi wayar, ya dubi ƙaninsa, ya rage murya kamar mutumin yana jin su.

"To yanzu wa zan ce masa ya kira?"