Sirdin Malam Taswira

"Ina sirdina?"

Mai gyaran keke ya ɗago kai daga tayar da yake liƙewa, yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki yake jiran godiya.

"Ai na sa maka sabo, Malam. Taɓa ka ji. Soso ne zalla, kamar katifa. Kyauta na yi maka."

Malam Taswira bai taɓa ba. Ya tsaya da ledar burodi a hannu yana kallon kekensa kamar ba nasa ba. Wayoyi biyu ne kawai suka tsinke a ƙafar baya, su ya kawo a gyara. Shayin da ya je sha ko rabin awa bai ɗauke shi ba.

Shekara ashirin da shida ke nan yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, yana zana teku a allo da shuɗin alli, har ɗalibai suka laƙaba masa Taswira, amma shi bai taɓa sa tekun a idonsa ba. A wannan hutun ya rantse sai ya je, kuma a kan kekensa. Yau kwanansa tara a hanya, saura uku. Babban ɗansa bai yarda da tafiyar ba sai da sharaɗi: duk ranar da Baba ya ce ya gaza, zai zo da mota ya ɗauke shi, kuma an rufe maganar doguwar tafiya a keke har abada.

"Bawan Allah, ba sabo na tambaye ka ba. Ina nawa?"

"Wancan ƙeƙasasshen? Haba Malam, da girmanka! Ai ko katako ya fi shi tausayi."

Malam ya dube shi. Ta ina zai fara? Sirdin fata ne, shekara bakwai yana hawansa yana shafa masa mai, har ya lotsa daidai ƙasusuwan mazaunansa. A kansa yana yin awa takwas ko gezau. Shi kuwa soso, daɗinsa na awa biyu ne. Daga nan sai gumi, sai zafi, kafin la'asar fata ta sale, washegari ko a tabarma mutum ba zai iya zama ba.

"Ɗauko mini shi, don Allah. Yanzu."

Murmushin mai gyara ya fara dusashewa. Ya sosa ƙeya, ya duƙa ƙarƙashin benci, ya jawo sirdin. A tsakiyarsa, daidai inda ya lotsa, an yanke da'ira uku da reza, tsaf-tsaf kamar bakin kofi.

"Fatar famfon iskana ce ta mutu tun makon jiya," in ji shi a hankali. "Na ga wannan mai kyau ce, ta sha mai. Na cire ɗaya, na ce bari in ajiye biyu. Da ita ma na hura maka tayar."

"Inna lillahi! Ka kashe ni, wallahi ka kashe ni! Wa ya aike ka? Na ce maka sirdi yana damuna? Na yi maka kuka?"

Masu jiran mota a gefen titi suka waiwayo. Wata mai sayar da ayaba ta leƙo ta ce, "Malam, a yi haƙuri mana, ai gyara ya yi maka." Wannan ta fi komai ƙona masa rai. Kowa a wurin gani yake an yi wa tsoho alheri ya butulce.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ɗansa ne, kiran kowace rana. Ya bar ta ta yi ta gaji. Ya zube a kan benci da sirdin a cinya, yana zura yatsa cikin ramukan. Takaici ya ishe shi. Ya tsallake tireloli, ya sha ruwan sama, kare ya bi shi har kilomita biyu, duk bai faɗi ba, sai ga shi kirkin wani ya kayar da shi.

Can idonsa ya sauka kan wani tsohon keke da ke jingine da turken rumfar. Sirdinsa fata ne, baƙi wuluk, yana ƙyalli don tsufa.

"Wancan na wane ne?"

"Nawa ne."

"To kai me ya hana ka sa mai soson, tunda katifa ne?"

"Ni? Tab! Ai ni daga nesa nake zuwa kullum. Soso dafa mutum yake yi, na 'yan zuwa cefane ne..."

Bai ƙarasa ba. Suka kalli juna.

"Ashe ka sani," in ji Malam.

"Wallahi ɗazu da ka ce mini teku za ka, na ɗauka barkwanci ne. Na ga furfura, na ga tabarau, na ce wannan daga bayan gari ya fito shan iska."

Malam ya zaro taswira daga jaka, ya shimfiɗa a kan benci. Jan layin biro ya taso tun daga sama, gari bayan gari, kowanne da kwanan wata, har ya tsaya a nan. Sannan ya buɗe masa tafin hannunsa, duk kanta.

Mai gyara ya daɗe yana bin layin da baƙin yatsansa. Bai ba da haƙuri ba. Ya ɗauki sifana ya nufi kekensa.

"Shekararsa talatin tare da ni," ya ce yana kwancewa. "Amma in gaya maka gaskiya, ƙafata ta hagu ta fi gajarta, don haka ya karkace. Yau zai ba ka wuya. Gobe wataƙila ku shirya." Ya ɗaura shi a keken Malam, ya ɗaure tamau. "In ka dawo ka biyo da shi. Ka kuma gaya mini ko da gaske ba a hango ƙarshen ruwan."

Malam ya hau. Sirdin ya tura shi hagu, ya gyara, ya sake tura shi. Zaman wani ne, ba nasa ba, kowane taki sai ya tuna masa. Bai bar tsaki ba har ya fita daga garin.

A gindin wata gada wayar ta sake ƙara. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya ɗauka.

"Baba, lafiya? Na kira ba ka ɗauka ba. Muryarka ma wani iri. In taso?"

Malam ya dubi titin, dogon hawa ne a gabansa, ga ƙugunsa ya riga ya fara tsami.

"Zauna inda kake," ya ce. "Sirdin mutane ne a ƙarƙashina. Sai na kai shi teku na dawo da shi."

Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗan karkata hagu yadda sirdin yake so, ya taka feda.