Hannu Biyu

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama Bong-sun bara, ba ta ƙara zama da ƙawayenta ba, sai yau da zafin bazara ya tara su kan farfesun kaza a gidan Mal-ja, babbarsu.

A al'adarsu ba a zuba wa babba giyar shinkafa da hannu ɗaya, don haka da Bong-sun ta kai hannu za ta zuba mata, sai Mal-ja ta janye butar giyar.

"Bari, na yafe miki."

"Yaya, wata goma nake gwadawa da ruwa. Miƙo ƙoƙonki."

Bong-sun ta karɓi butar da hannun dama, ta ɗago na hagun da ya shanye a hankali, ta tallafe ta. Hannun na rawa, giya na zuba, amma ƙoƙon ya cika.

Mal-ja ta kurɓa. "Rabi kin shayar da tabarmata."

"Ita ma zafin take ji, Yaya."