Yankan Ciyawar Siliki

Shekara uku ke nan da Ambrus ya daina noma gonarsa ta gabas. Ya sa hannu a takardar masu kula da tsuntsaye, ya bar ta saura, don tuje ya samu inda zai yi ƙwai ba tare da garma ta bi ta kansa ba. Tuje kuwa ya zo. Bana har mata biyu suka yi ƙyanƙyasa a ciki. Ambrus yakan hau tudun rairayi ya hango su, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda aka haifa wa jikoki.

Sai dai ba tuje kaɗai ya ji daɗin hutun ƙasar ba. Ciyawar siliki ta ratso daga bakin hanya, tana bin ƙarƙashin rairayi da saiwarta, har ta cinye kusan rabin saurar. Tsayinta ya kai ƙirjin mutum, furenta ja-ja, ƙamshinsa kuwa tun daga nesa yake tarbar ka.

Emese, jami'ar da ke zagayen duba tsuntsayen, ta tsaya a bakin gonar tana kaɗa kai.

"Kawu Ambrus, inda wannan ta tsaya ba abin da ke fitowa a ƙarƙashinta. Ba ƙaramar ciyawa, ba fara. To 'yan tsakin me za su ci?"

"Sai in kawo mota in daddatse ta."

"Ka daddatse saiwar, kowane guntu ya tsiro da kansa? Kuma 'yan tsakin in sun ji ƙara ba gudu suke yi ba, laɓewa suke. Ba mota, ba feshi. Lauje kawai. Kuma yanzu, tana cikin fure, lokacin da ta zuba duk ƙarfinta a sama. In ka jira furen ya bushe, aski ka yi mata."

Idon Ambrus na can ƙarshen gonar, inda akwatunan zuma arba'in suke jere, masu fenti shuɗi da rawaya.

Na Vendel ne, mijin yayarsa Etelka. Zumar furen siliki ita ce abin alfaharinsa, fara tas, har daga birnin Kecskemét ake zuwa nemanta. Tun da matar Ambrus ta rasu, a gidan Vendel yake cin abincin rana duk Lahadi, kuma nan ne kaɗai ake tsokanarsa har ya yi dariya. In wannan ƙofar ta rufe, ba shi da wata.

Ya kwana biyar yana juya maganar. Tsuntsun nan bai san sunansa ba, ba kuma zai taɓa gode masa ba. Vendel kuwa shi ya ɗauki gaban akwatin gawar matarsa. Amma shi Ambrus ne ya kira tsuntsun da ya ajiye garma, kuma wanda ka kira ya zo yana da hakki a kanka. Ita ma ciyawar, me ta yi? Wani ne ya ɗauko kakanninta daga ƙetaren teku, ta samu wuri ta zauna. Duk ta inda ya biyo, sai ya tarar kowa na da gaskiya.

Ran Lahadi ya tafi da niyyar gaya wa Vendel. Bai ko zauna ba Vendel ya tura masa cokalin zuma a baki.

"Ɗanɗana, autan gida. Ta farko ce. Faɗa mini in ka taɓa jin irinta."

"Mijin Yaya, akwai maganar da..."

"Haɗiye tukuna. Etelka, dubi ƙaninki, shekara sittin da shida bai iya shan zuma ba sai ta zubo masa a gemu."

Etelka ta ajiye tukunyar miyar kaza mai jan barkono, ta ce a bar mata ƙaninta ya ci abinci. Aka ci, aka yi dariya, Vendel ya ba da labarin yadda ƙudan zumarsa ke dawowa da nauyi har suna faɗuwa a bakin akwati. Ambrus ya ƙara kwano na biyu, ya koma gida da maganarsa a ciki.

Washegari, gari na wayewa, ya ɗauki dogon laujensa ya zagaya ta bayan tudu, inda ba a hango shi daga akwatunan. A gonarsa, yana sanɗa kamar ɓarawo. Da farko aikin ya yi daɗi, karan na faɗuwa layi-layi, farin ruwansa kamar madara yana tsatsafowa. Da rana ta ɗaga, ƙudan suka iso wurin aikinsu suka tarar da mutum yana kayar da shi. Ɗaya ya harbe shi a kunne, biyu a leɓe. Ya kai hannu zai kare fuska, ruwan ciyawar ya shiga idonsa kamar barkono. Ya yar da lauje, yana tsalle yana kaɗa hula.

A haka Vendel ya same shi, ya biyo ta kan keke don ya ga abin da ya harzuƙa ƙudansa. Ya sauka. Ya dubi furen da ke kwance, ya dubi laujen.

"Emese ce ta ce..." Leɓen Ambrus ya kumbura, maganar ba ta fita sosai.

"Na san abin da Emese ta ce. Ta faɗa mini tun makon jiya, ta ɗauka kai ka riga ka gaya mini. Jiya ina ta jira. Na ba ka zuma, na ba ka labari, na ce yanzu zai buɗe baki. Kwano biyu ka ci, Ambrus. Kwano biyu!"

"Kai ka toshe mini baki da cokali."

"Ai ka haɗiye daga baya."

Ya hau kekensa ya juya. Ambrus ya zauna a kan rairayi, ido ɗaya a rufe yana zubar da ruwa. Abin da ya fi cin ransa, duk kwanakin da ya yi yana auna hakkin tsuntsu da na ciyawa da na zuma, bai taɓa ɗora wannan a ma'auni ba: mutumin ya cancanci a dube shi a gaya masa.

Bai san tsawon zaman da ya yi ba, sai ya ji ƙararrawar keke. Vendel ne, da lauje ɗaure a jikin keken, Etelka na biye da kwando da tulun ruwa.

"Ɗaga kanka, sakarai," in ji ta, tana zuba masa ruwa a ido. "Kai da ko kaza ba ka iya yankawa, ka tashi yaƙi da ƙuda dubu ɗari."

"Yaya, a hankali."

"Wayyo, dubi leɓe!" Vendel ya riƙe ciki. "Etelka, wallahi kamar wanda ya sumbaci murhu."

Dariyar ta ƙwace wa Etelka, ruwan ya zube a wuyan rigar Ambrus. Shi ma ya so ya yi, leɓen ya hana, sai wani gurnani ya fito, suka ƙara fashewa.

Da suka lafa, aka zauna aka yanka burodi da kitse da albasa. Vendel ya nuna gonar da wuƙa.

"Saurara, auta. Ba a yanka fure ƙuda na kansa. Kowane yaro a gidanmu ya san wannan. Da asuba ake shiga, raɓa na ƙasa, suna cikin akwati. Da sun fara fitowa, a ajiye lauje. Daga wannan ƙarshen za mu faro, mu ƙare a gindin akwatunan."

Ambrus ya yi lissafi a ransa. Tsofaffi biyu, awa uku a rana. "Zai kai kwana goma sha biyu. Kafin nan sun kwashe rabin zumar."

"To?"

"Shi ne nake tunani, ko wayo muke yi wa yarinyar nan. Ta ce yanzu."

"Ji shi! Ya fara. Ka je ka tambaye ta da wannan leɓen naka. In ta ce mu yi da rana tsaka, ta zo ta riƙe lauje." Ya tauna albasa, murmushin ya ɗan ragu. "Kada ka ɗauka ban yi asara ba. Baɗi rabin wannan za ta fito. Shekara uku, huɗu, shi ke nan, an gama da zumar siliki a nan. Sai in riƙa jigilar akwatuna zuwa gonakin furen rana kamar kowa."

"Ka yafe mini ke nan?"

"A'a. Akwati arba'in ne, kowane ya kai nauyin ɗan maraƙi, ni kuma bayana ya tsufa. Kai za ka riƙa ɗauka. In ka sauke na ƙarshe, ka sake tambaya ta."

Emese, da aka kai mata maganar, ta ce ta fi son a gama cikin mako guda, amma muddin ciyawar ba ta kai ga yin ƙwanson iri ba, ta yarda. Ambrus ya so ta ƙara bayani, ko ta yarda ne don daidai ne ko don ta ga fuskarsa. Ta ce ya je ya sa wa leɓensa ƙanƙara.

Asubar Talata suka shiga, Vendel a gaba, Ambrus na binsa taku uku a baya, laujen biyu na tafiya tare, raɓa ta jiƙa su har gwiwa. Vendel na yanka yana yi wa furen ban kwana da ƙarfi, yana kiransa amaryarsa, yana ce masa ba laifinsa ba ne, wani mugun suruki ne ya raba su.

"Ka rage surutu, za ka tayar da tsuntsayen," in ji Ambrus.

"Tsuntsayenka su yi haƙuri, makoki nake yi. Kai kuma matso, ka bar layi a baya."

Ambrus ya matsa ya share layin.