Kibiyar Arvo Ta Ƙi Tsayawa

"Ka gyara min wannan abin, in ba ka aron injin kwashe ƙanƙara har hunturu ya fita," in ji Arvo Lehtinen.

"Aro? Kyauta dai. Kai da ba ka iya tura shi," in ji maƙwabcinsa.

"Aro na ce, ɓarawo."

Merle Haugen ya miƙa hannu, Arvo ya ba shi na hagu, suka ƙulla. Tun suna da gashi a ka gidajensu ke kallon juna a kan tudun garin Duluth, kuma tun da Merle ya bar gyaran injina a tashar jiragen ruwa, duk abin da ya lalace a layin shi ake kira.

Maus ɗin kwamfutar Arvo ne ya haukace, wato ɗan abin da ake jan kibiyar kan allo da shi. A nufi gabas da kibiyar, sai ta yi tsalle ta faɗa yamma. Kuma abin ba na dariya ba ne. Duk Lahadi 'yarsa Janine tana kiransa ta bidiyo daga Minneapolis, ga shi a kiran baya ya kasa ɗora kibiyar a kan koren madannin amsawa har kiran ya katse. Ta ce in aka sake, za ta zo ta kai shi gidan kula da tsofaffi.

Merle ya canza batir. Ya kifa maus ɗin ya hure gashin kyanwar Arvo daga ɗan idon da ke ƙasan maus ɗin. Ya ga teburin gilashi ne, ya shimfiɗa tsohuwar mujalla a kai. Daga ƙarshe ya tsallaka titi ya ciro nasa mai waya ya jona. A hannunsa kibiyar tana tafiya sumul. Ya tura wa Arvo, ta hau rawa.

Sai a lokacin Merle ya daina kallon allon ya kalli hannun Arvo na dama. Yatsu biyu sun nannaɗe, sauran suna karkarwa.

"Ɗaga hannun nan sama."

"Ka yi abin da aka kira ka."

"Tun yaushe?"

Arvo ya jawo kofin kofi da hagu.

"Tsohon banza," in ji Merle. "Ka sa ni ina hure gashin kyanwa alhali ka san inda cutar take. Tashi in kai ka asibiti."

"In je su karɓe lasisin tuƙina, su buga wa Janine waya? Ka ga inda aka kai Gunnar na ƙarshen layi. An ɗaura masa tawul a wuya, wata yarinya tana ce masa buɗe baki. Ni na buga katakon ɗakin nan da hannuna, Merle. A nan za a same ni."

"To a same ka. Ni ba ruwana."

Merle ya kai bakin ƙofa, har ya sa takalmi ɗaya.

"Mun ƙulla," in ji Arvo daga bayansa. "Ka ce za ka gyara."

Merle ya zagi ƙofar, ya zagi kyanwar, ya dawo. Ya shiga saitin kwamfutar ya rage gudun kibiyar har ta koma rarrafe, ya ƙara mata girma ta kai tafin hannu. Yanzu ko hannun ya yi rawa, da ƙyar take gocewa. Ya fita bai yi sallama ba.

Gyaran ya yi kyau, wannan ne abin haushin. Lahadi ta zo, Arvo ya ɗauki kiran, ya ɓoye hannun dama a ƙarƙashin tebur, ya yi wa 'yarsa ba'a kan sabon askinta. Janine ta kwantar da hankalinta, ta fasa zuwa.

Ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, wata safiya Merle ya ga labulen kicin ɗin Arvo bai ɗagu ba. Ya ɗauko makullin gidan a ƙarƙashin tukunyar furanni, ya buɗe ya shiga. A kan kujera ya sami Arvo, rai ya yi halinsa, sanye da rigar sanyi, kyanwar tana zagaya ƙafarsa.

Bayan an binne shi, Janine ta zauna gaban kwamfutar tana neman hotuna. Ta motsa maus, ta ga ƙatuwar kibiya tana jan ciki. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta buƙatar bayani. Ta tsallaka titi babu ko riga mai kauri.

"Baba Merle, wa ya yi wannan saitin?"

"Ni ne."

"Ka ga hannunsa?"

"Na gani."

"Kana da lambata. Da an duba shi, da yanzu yana nan."

"Yana ina? Da tawul a wuya?"

"Ubana ne. Ba naka ba ne da za ka yanke."

 Ta juya, kuma ba ta sake gaida Merle ba har ta rufe gidan ta tafi.

In ana lissafi, Arvo ne ya ci riba, ya mutu a kujerarsa kamar yadda ya so. Janine ta yi asarar uba ba tare da an tambaye ta ba. Merle kuwa ya rasa su duka biyun. Da hantsi yakan tsaya a tagarsa da kofi a hannu, yana kallon fitilar barandar Arvo da aka manta a kunne, tana ci cikin rana.