Layin da Baba Bai Fesa Ba

Kowa a Palladan ya san Jemimah 'yar Baba Mordecai, in ta kafe a kan abu sai dai a bar ta. Karatun cututtukan tsirrai take yi a Samaru, kuma ta rantse akwai irin waken suya da in tsatsa ta taɓa ganyensa, sai ya haɗa maganinsa a jikinsa, cutar ta tsaya nan. Bana ta roƙi gefen gonar uban, ta shuka iri daban-daban layi-layi, ta kafa doka ɗaya.

"Baba, kome ka gani, kada ka yi feshi. In magani ya taɓa su ba zan gane wanda ya kare kansa ba. Digirina ke nan ya bi ruwa."

"Na ji," in ji shi. Ya ji fa, amma ina! Wane manomi ne zai ga shuka na mutuwa ya naɗe hannu?

Da damina ta kankama, tsatsa ta sauka kamar an gayyace ta. Ganye ya yi ja, ya fara zuba. Maƙwabcinsa Dalhatu kuwa bai wucewa a keke sai ya yi tsiya: "Mordecai, boko ya cinye maka gona!"

Ranar Asabar Jemimah ta sauka daga acaɓa, sai ga tankin feshi jingine da dalbejiya, warin magani ya cika wurin. Ta nufi uban kai tsaye.

"Baba! Ka kashe ni."

"Haba uwata, ina kallo suna ƙarewa? Na kasa haƙuri."

"Duka ka fesa?"

"Duka kamar yaya? Wa ke ba mai lafiya magani? Marasa lafiyar na bi. Wancan layin na can ƙarshe ko kusa da shi ban je ba, lafiyarsa lau."

Ta waiwaya. Layin kore shar, ya ɗauki 'ya'ya dam, ga tsatsa ta ci na gabansa. Ta tsuguna ta juya ganye: 'yan ɗigo ne da suka bushe, ba su bazu ba.

Sai dariya, sai hawaye.

"Baba, ka tabbata ba ka taɓa shi ba?"

"Ni dattijon coci zan yi miki ƙarya?"

Ta miƙe ta kaɗe zanenta. "To, kira mini Dalhatu. Ya zo ya ga irin da zai roƙe ka baɗi."